Babur ɗin Kaka Iro Ɗan Allo Ne

Duk ranar Asabar, da an sha koko, Kaka Iro zai turo babur ɗinsa tsakar gida, ya shimfiɗa buhu, ya ƙwace faifan matarsa Inna Tabawa, ya hau kwance inji kamar mai fiɗar akuya. Ku 'yan gida ai kun sani. Tun kafin a haife ni yake da babur ɗin nan, kuma bakanike bai taɓa ɗora masa sifana ba. Shi ya sa da Baffa Sabo, babban ɗansa, ya ce a sayar wa 'yan gwangwan tun ba a yi arba'in da rasuwar Kaka ba, wai ya mutu tare da mai shi, na ce wallahi sai dai a haɗa da ni a ɗora a sikeli.

Mutumin da in ya gama haɗa inji, kullum sai noti ɗaya ya rage a faifai. Na ce, "Kaka, wannan fa?"

Ko kallona bai yi ba. "Zakka ce. Ku a makarantar taku ta Bici ba a koya muku addini?"

In ya yi wa injin juye kuwa, baƙin man nan ba ya zubar da ko ɗigo. Gindin rumbu saboda gara, ƙyauren zaure, har akuya mai ƙazuwa sai ta samu rabonta. Wata rana ya rasa mazubi, ya ɗura a kwalbar man gyaɗar Inna. Ta ɗora kasko, ta tuntsura kwalba, ta tsaya.

"Malam, me zan gani haka?"

"Ai da kin soya. Wanda ya ci ƙosan nan sai ya kai Dawanau bai tsaya ba."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, shi ko a jikinsa.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya jingine nasa, shi ya ƙi. Yana dawowa daga kai wake Dawanau babur ya mutu masa a Tofa, daidai rumfar wani bakanike. Mutumin ya ce, "Baba, kawo in duba maka, kyauta."

"Wa ya ce maka ya lalace? Shi ya kai ni, ni zan mai da shi. Karɓa-karɓa muke."

Haka ya turo shi har gida cikin rana, gumi sharkaf, yana gaisawa da mutanen gona kamar ba komai. Tsohon nan ba sauƙi.

To jiya Baffa ya kawo nasa bakaniken, don ya shaida wa kowa babur ya gama yawo. Gayen ya zuba mai a tanki, ya murɗa makullin mai, ya yi ta bugawa har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Alhaji, injin ya buga. Amma zan iya saye a haka."

Ina ɗaki ina leƙe ta labule, sai abin ya faɗo mini. Lokacin da samarin gidan nan suka addabe shi da satar hawa suna ƙone masa mai, Kaka ya cire makullin man ya mayar a juye, buɗe ya koma rufe. Da na ce ya yi kuskure, cewa ya yi, "Bature daga hagu yake karatu, ni daga dama. Babur ɗina ɗan allo ne."

Na zura hijabi na fito.

Baffa ya ce, "Ke Hadiza, mace da babur? Koma ciki."

"Baffa, bugu ɗaya. In bai tashi ba, ni da kaina zan tura shi wajen 'yan gwangwan."

Na murɗa makullin inda bakanike yake kira rufe, na ɗan jira mai ya sauka. Na buga. Shiru.

"Ɗaya kika ce."

"Wancan bisimilla ce, Baffa."

Na sake takawa. Jama'a, ya tashi! Kaji suka watse, hayaƙi ya cika gida, bakanike ya tsinci hularsa ya ce yana da wani aiki a Tofa. Ni kuwa ina ta murɗa totur ina dariya kamar wadda ta ci jarrabawa.

Sai na ga Inna Tabawa a bakin ƙofarta, da kayan takaba, ta dafa bango. Ta ce a hankali, "Na ɗauka shi ne ya dawo daga gona."

Na kashe. Baffa ya ce, "A mai da shi zaure. Ba na sayarwa ba ne."

Allah Ka ji ƙan Kaka Iro, Ka yafe masa taurin kansa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna haƙuri, don ita ta fi mu jin shirun Asabar ɗin nan. Amin.