Shugaba a Ƙarƙashin Firji

Firjinmu na gidan unguwar Ammariyya a Jidda gurgu ne. Ƙafarsa ɗaya ta gajarce, kana jan ƙofar zai rusuna maka kamar mai gaida suruki. Ranar da ya kifar da tukunyar miya, Umma ta ce halas, ya isa haka, a nemo abin tokare shi kafin la'asar ko kowa ya ci iska.

Ni kuwa na san abin da zai yi daidai. Kawu, yayan Umma, wanda ke yanka yadi a kasuwar Bab Makka, yana da wani littafi mai kaurin bulo a ƙasan akwatinsa. Tun yana saurayi aka tura shi daga Sudan koyon gyaran injuna a wata ƙasar 'yan gurguzu, ya dawo da tari da wannan littafin. Jawaban shugabansu ne. A bango ga hoton mutumin, kumatu kamar gurasa, yana nuna sama da yatsa sai ka ce shi ya rataye rana.

Na ɗauko, na durƙusa gaban firji. Kawu ya shigo.

"Ke! Ajiye!" Muryarsa ta koma raɗa, har da waiwayen taga.

"Ya khali, kawuna, ba kai kake cewa jaki ne ba?"

"Jaki ne. Ajiye."

Ya zauna kan buhun shinkafa. Ya ce da farko hoton manoma da maƙera ake mannawa, wai ƙasa ta talakawa ce. Sai mutumin ya bayyana a gefen hoton, ɗan ƙarami. Kowace shekara yana kumbura, manoman suna ƙanƙancewa, har suka zama ƙudaje a bayan kunnensa. Alkama ta yi kyau, hikimarsa ce. Ta lalace, maƙiyansa ne. Idan ya yi jawabi ana tafi har tafin hannu ya yi jini, don ba mai son ya riga kowa tsayawa. Wani ɗan ɗakinsu ya naɗe kifi a jarida mai fuskar shugaban. Washegari gadonsa babu ko katifa, kuma ba wanda ya tambaya.

"To kun yarda da shi?"

"Ko ɗaya. Amma kowa na zaton na kusa da shi ya yarda."

Na yi dariya har na shaƙe. Ƙasa guda, da injiniyoyinta da likitocinta, tana yi wa kumatu tafi! Mutumin ya mutu tun kafin a haife ni, gumakansa an narkar an yi murfin kwata, amma ga shi yana hana mu abincin rana a Jidda.

Umma ta leƙo. "Yaya, shekara nawa kana dakon wannan ƙato? Yalla, maza, ko shi ko miya."

Kawu ya karɓi littafin. Na gan shi da idona, sai da ya goge fuskar da hannun riga kafin ya farga. Ya ja tsaki, ya kife shi a ƙasa, ya ce in ɗaga firji. Na ɗaga, ya tura da ƙafa. Firji ya miƙe cak. Wannan ne aikin kirki na farko da shugaban ya yi wa talaka.

Kawu ya ci faranti biyu ranar. Sai dai har yau, in zai zagi mutumin, fita yake daga kicin tukuna.