Ujarak da Gindin Ƙanƙara

Mijin ƙanwata Ujarak bai taɓa cin gardama a gidansa ba, kuma wadda aka fi tunawa da ita a ƙauyenmu na gaɓar Girinlan, ƙasar ƙanƙara, ita ce ta ranar wani taron shan kofi. Ɗaki cike da mata, sai ya buɗe baki ya ce ƙanƙarar nan da ke gangarowa daga tudu ta kwanta a kan teku, ba rana ke cinye ta ba. Wai ruwan ɗumi ne ya shigo ta ƙasa yana lasar gindinta.

Tukummeq, matarsa, ta ajiye buta. "Maigida, ka taɓa shiga ƙarƙashinta ka gani?"

"Ban shiga ba."

"Ina fa! Mutumin da sai an yi dambe yake wanke ƙafa?"

Har matar fasto sai da ta ƙware don dariya. Ni kuwa, yayar matarsa, na laƙaba masa Sarkin Nutso, sunan ya bi shi shekara shida.

Amma a ba mutum haƙƙinsa. Shekara arba'in yana sauke ƙugiya zuwa zurfin da ba wanda ya taɓa gani. Ya lura tana ɗauko masa kifayen kudu, irin da mahaifinsa bai san sunansu ba. Ya lura manyan duwatsun ƙanƙarar da ke ɓallowa suna karkata alhali samansu lafiya lau. Bai yi boko ba, amma kowane mako sai ya je ya sara musu alama daidai bakin ruwa.

Ana jibi auren 'yarsu, Tukummeq ta ce sai an saro mata ƙanƙara daga ƙaton dutsen ƙanƙarar da ke bakin mashigar teku, domin ruwansa ya fi daɗin kofi. Ita da amarya za su je da kansu. Ujarak ya ce dutsen nan ba shi da gindi. Ta ce shi ne ba shi da kai. Sai ya kwance injin kwale-kwalensu, ya saba a kafaɗa ya kai coci, ya zauna a kansa.

Tun safe take zazzaga masa masifa a ƙofar cocin, ni ina ƙara gishiri. Wajen la'asar muka ji ƙara kamar sama ta tsage. Dutsen ya juye gaba ɗaya, igiyar ruwa ta watsa kwale-kwale uku kan duwatsu. Gindinsa ya fito fili, duk ramuka, a siɗe kamar alewar da yaro ya tsotsa.

Tukummeq ta damƙe hannun 'yarta har ya yi fari. Amma ƙanwata ce, ba ta sakin gardama.

"To, duk da haka dai ba ka shiga ka gani ba."

Ujarak ya gyara zama a kan injinsa. "Me zai kai ni, uwargida? Ga shi ya juyo da kansa ya nuna miki."