Kwana Ukun da Malam Isiyaku Ya Roƙa

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar abokina Malam Isiyaku. Tare muka yi aikin lamba a ƙarƙashin En'e zamanin Turawa, muna zaga ƙauyukan Batsari da Safana a kan keke, muna yi wa mutane rigakafin agana.

Wata shekara cutar ta ɓulla a wata ruga kusa da Babban Duhu. Da makiyayan sun hango mu sai su shige daji da 'ya'yansu. Likita Bature ya ce a tafi da 'yan doka a kamo su. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na goyi bayan haka. Isiyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku. In aka kama su yau, gobe ko ruwa muka kai musu ba za su sha ba."

Ya tafi shi kaɗai, ko akwatin aiki bai ɗauka ba. Ya tarar an kaɗa shanu an tashi saboda tsoron cutar, an bar wata tsohuwa a bukka, ƙuraje sun rufe ta, ga ƙwaryar ruwa a gefenta. Ya zauna. Ya dama mata kunu, yana goge mata ido, yana kore mata ƙudaje. Ashe mahaifiyar Arɗo ce, shugaban rugar. Rana ta uku Arɗo ya leƙo ya ga ko ta cika, ya iske ta a jingine tana shan kunu. Kashegari aka aiko in zo da akwati. Arɗo ne ya fara miƙo mini dantsensa, sauran suka biyo baya.

Yau jikata Hadiza tana jami'a tana karatun ilimin zamantakewa, burinta ta yi aikin kula da marasa galihu. Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce in ya ji abin da yake yi da zuciya ya zama darasi har da digiri. Na san zai yi murna, don elementare kaɗai ya gama, kuma abin ya daɗe yana damunsa. Amma na tabbata zai tambaye ta ko ana koya musu zama a tabarmar mutum su yi shiru har ya gama magana.

Bai bar sarauta ba, bai bar gidan bulo ba. Ranar jana'izarsa dai wasu dattawan Fulani suka iso a ƙafa. Ɗayansu ya naɗe hannun riga, ya nuna mini tabon lamba, ya ce, "Malam, bayan ikon Allah, wannan ya sa na ga jikokina."

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya sa ya huta.