Hannun Torun Mai Kifi

Duk wanda ya sayi busasshen kifi a gaɓar arewacin Nowe a wancan zamani ya san Torun, in bai san fuskarta ba ya san bakinta. Mace ce da ko mijinta Kolbain sai ya duba yanayinta kafin ya tambayi abinci.

A bukkarta wata baiwar sarki ta haihu, ta cika kafin ƙanƙara ta narke. Torun ta haɗa jaririn da nata 'ya'yan, ta sa masa suna Arlin, ta raine shi da kunun sha'ir da dundu, ta kuma faɗa masa cewa shi ɗan sarki ne.

Da sarki ya rasu, ƙanensa ya miƙe zai haye gado. Arlin, wanda ya riga ya zama saurayi, ya tsaya a taron manoma ya ce shi ɗan marigayi ne. Ƙanen sarki ya kece da dariya.

"Ɗan sarki mai ƙarnin kifi? To, a ɗauki jan ƙarfe a kai mana!"

Kowa ya san hukuncin. Mai shaida zai ɗauki ƙarfe daga wuta ya taka da shi, a naɗe hannun, in an kwance aka ga ya ruɓe to ƙarya ce, za a fille kan Arlin.

"Inna, ni zan ɗauka," in ji Arlin.

"Rufe mini baki. Kana wurin aka haife ka, amma me ka gani? Ni na gani."

A cocin da aka binne kakan Arlin, sarkin nan da ake kira waliyyi, ta ɗauki ƙarfen yana ja wur. Tsoro kam ta ji shi har cikin hanjinta, amma ta ƙi yin ihu don kada maƙiya su ji daɗi. Kolbain ne ya suma.

Ranar da aka kwance ƙyallen, ciwon fes, babu ruɓa. Jama'a suka buga garkuwa, aka naɗa Arlin sarki.

Yatsun ba su ƙara miƙewa ba, ba ta sake feɗe kifi ba har ta mutu. Kuma ba ta taɓa ɓoye hannun a riga ba. Masu ziyara kan tare ta a ƙofar coci, suna shafa shi suna yabon ikon waliyyi. Sai ta ɗaga musu shi sama.

"Waliyyi ya warkar, ban musa ba. Amma ni na ɗauka."