Shekarar da na riga shirwa sanin ruwa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Na san alkunya ce, haka aka yi wa kowane ɗan fari a ƙauyenmu na wajen Roni, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ƙanena kuwa, wanda ya tsaya a gona ni na tafi karatun aikin gona, sunansa a bakin Baba kamar goro.

Da bazara abin ya fi ƙona ni. Idan na zo daga Kazaure, inda nake aiki, ranar Asabar, sai in tarar da su biyu a gindin tsamiyar ƙofar gida, kai a ɗage. Lokacin ne shirwa ke wucewa arewa, ashirin, talatin, suna kewaya saman duwatsu ba tare da kaɗa fiffike ba, har su zama ɗigo. Ƙanena ya ce zafin ƙasa suke gudu, can sama akwai sanyi. Kurciyoyi kuwa, da ba su da wannan gata, suna lafe a reshe baki buɗe, maƙogwaro na rawa. Ƙanena yakan zuba musu ruwa a sakaina. Baba ya dube shi ya yi murmushi, ni da na kawo buhun shinkafa a bayan babur sai "sannu da hanya".

Da tsuntsayen nan suke yanke ranar binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. In ka yi da wuri, gara da zabi su cinye, ko yayyafi ya tsirar da shi rana ta ƙone.

A shekarar da nake magana, na duba hasashen yanayi a wayata, na ce ruwa mai ƙarfi na tafe cikin mako.

Ƙanena ya ce, "Yaya, da saura. Dubi yadda suke tafiya suna dawowa. Shamuwa ma ba ta gama gyara sheƙa ba."

Baba bai dube ni ba. Ya ce da ƙanena, "Gaya wa malamin gona mu shirwa muke bi."

Raina ya ɓaci. Na ce a ba ni gonar bayan dutse in yi binnena, in ya lalace in sayo wani irin. Baba ya ɗaga kafaɗa. Kwana biyu na yi ina sara ina zuba gero cikin ranar da ke dafa ƙwai, hannuna na ofis ya yi bororo ya fashe. Ba don gero na yi ba, Allah ya sani. So nake sau ɗaya Baba ya juyo ya tambaye ni abin da na gani.

A rana ta shida hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara zuwa, ta watsar da sheƙa biyu daga tsamiya, kurciyoyi suka manne wa reshe suka ba ta baya. Sannan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bayan kwana huɗu ya sake. Gerona ya tsiro layi-layi, su Baba kuwa suna ta neman 'yan ƙwadagon shuka.

Asabar ta gaba na zo da sabuwar riga, ina tafe ina shirya fuskar da zan yi in an yabe ni. Na gaishe su na zauna a gefen tabarma.

Baba ya ce, "An ce gonar bayan dutse ta yi kyau. Madalla."

Shi ke nan. Ya juya ga ƙanena, ya dafa gwiwarsa, ya ce, "Bana tsuntsayen nan sun yi mana wayo, ni da kai."

Suka fashe da dariya har Baba na share hawaye. Ina zaune da gaskiyata a hannu, na ji da ma ni ne na yi kuskuren tare da shi.