Zaren da ke ƙafar kurciya

A gidanmu na Zugu, da damina muka fi samun tatsuniya. Da an sallame isha ruwa kan kore mu daga tsakar gida, sai mu tattaru a ɗakin girki, inda Kaka Dije ke barin wuta saboda sauro. Itacen jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya fi haskensa yawa. Mukan zauna idanu na ruwa, ƙafafu a miƙe wajen murhu, ni da yayana Umaru da ƙannenmu mata. Kaka ita ta haifi babanmu. Haƙoranta na gaba duk sun zube, amma in ta fara magana, ko akuyar da ke raɓe a bakin ƙofa sai ta daina tuƙa.

Ranar da nake son in ba da labarinta, an yanka kaza saboda baƙo. Ƙafafun suka rage ba a sa a tukunya ba, ni da Umaru muka yi ta kokawa a kansu. Kaka ta miƙo hannu.

"Ku kawo nan, mayunwata. Kai angona, matso ka gani."

Ni take kira angonta, don tsokana. Ta ce in sa yatsana a tafin ƙafar kazar. Sai ta laluba wajen yankan, ta kamo wata farar jijiya, ta ja. Yatsun kazar suka rufe a kan nawa. Na yi ihu na faɗa kan Umaru. Ta yi dariya har da tari.

"Matatta ta kama ka kana kuka, ina ga mai rai? Wanga ango nawa ba shi da amfani. To ku buɗe kunne, ga ta nan tafe, ta wadda ta ɗinka zaren ga."

Muka ce ta iso, muna ji.

Ta ce a da can tsuntsaye a ƙasa suke kwana, don duk wanda ya yi barci a kan reshe sai ya saki ya faɗo. Muzuru da dila suka yi ta cinsu. Kurciya ta gaji da binne 'yan'uwanta, ta tafi wurin wata tsohuwa mai kaɗi, ta ce a taimake ta. Tsohuwa ta ɗauki zare mai ƙarfi, ta zura mata shi ta bayan ƙafa, daga cinya har yatsu. Ta ce mata, nauyinki shi zai ja zaren. Iyakar yadda kika lafe, iyakar yadda za ki riƙe, ba da ƙarfinki ba. Amma ki sani, ba ya saki sai kin miƙe.

Kurciya ta koma tsamiyar da aka ƙyanƙyashe ta, ta yi barcin da ba ta taɓa yi ba. Sauran tsuntsaye ma suka je aka zura musu. Ana nan, wata shekara mafarauta suka sa wa daji wuta. Kowane tsuntsu ya miƙe ya tashi. Ita kuwa da ta ga wuta sai tsoro ya sa ta ƙara lafewa a kan reshe, yatsu suka ƙara matsewa. Mijinta ya dawo ya kama fiffikenta yana ja, yana zaginta. Yana ja tana durƙushewa, zare yana ƙara ɗaurewa. Har hayaƙi ya zagaye mata wuya, idanunta suka yi ja. Allah ne ya kawo ruwa ya kashe wutar. Ta rayu, amma sheƙarta ta ƙone da ƙwai a ciki. Baƙin da ke wuyanta har yau na hayaƙin nan ne.

"Iyakarta ke nan," in ji Kaka, "in da ƙarya a ciki ku tambayi kurciya da safe."

Na ce ai kurciyar nan sakarya ce. Umaru ya ce jaruma ce, ba ta bar gidan ubanta ba. Muka kusa komawa kokawa. Kaka ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku duka ba ku ji ba. Ku tai ku kwanta."

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ba ta ga abin da ya zama Zugu ba, kuma ina ganin wannan ma rahama ce. Tun da mutanen daji suka fara shigowa, gari ya yi ta raguwa. Ni na kwashe iyalina na koma Gummi, ina aikin shinkafa a fadamar wasu. Yaya Umaru ya zauna, shi da matarsa da yara da Inna, mahaifiyarmu, wadda idanunta suka yi rauni. Duk sanda waya ta shiga, magana ɗaya nake yi masa: ka taho. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na haɗa shi da Allah. Kowane hari sai in ce wannan karon zai taso. Kowane hari sai in ji muryarsa ta ƙara tauri.

A Gummi na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna. Malaminmu, Malam Bitrus, mutumin Filato ne, kuma ya san hannun da ya saba da fartanya ba ya saurin sabawa da fensir. In ya ga mun gaji yakan nuna mana abu a wayarsa. Wata la'asar ya nuna mana wata na'ura da wasu masana suka ƙera a ƙasar waje. Ba kai, ba fiffike, ƙafafu biyu kawai masu lanƙwasa irin na tsuntsu, tana takawa ita kaɗai. 'Yan aji suka yi ta dariya, wani ya ce zakara ne aka fige da ransa.

Malam ya ce daga tsuntsaye suka koya. Maimakon su sa inji a kowace gaɓa, sai suka zura igiya ta bi bayan ƙafar. In ta taka ƙasa, nauyinta ne ke ɗaure igiyar, ƙafar ta tsaya da kanta, batir bai sha wahala ba.

Na ce, "Malam, to yaya take saki?"

"Saki kamar yaya, Malam Garba?"

"In igiyar ta ɗaure. Wa ke kwance ta?"

Ya sake kallon wayar, ya mayar da hoton baya. "Ba mai kwance ta. Duba nan. Da nauyi ya koma ɗaya ƙafar, wannan sai ta yi sako-sako, ta naɗe, ta ɗaga. In dai nauyin yana kanta, ba za ta saki ba."

Ban ji sauran darasin ba. Na ga ni ne mijin kurciya, ina ja ina zagi. Sai na zauna ina tunanin abin da ke danne da Yaya. Abu na farko da na gani Inna ce, wadda ba za ta iya gudu ba in an shigo, shi kuma ba zai gudu ya bar ta ba.

Da hanya ta ɗan lafa na hau babur na tafi. Ban ce masa ya taho ba. Na ce ina son likitan ido ya duba Inna a Gummi. Aka ɗaura ta a bayana da zane kamar jaririya, tana ta faɗa wai mun mai da ita buhu. Na ce wa matarsa yara su zo su ga 'yan'uwansu, kuma ba a jima ba ita ma ta biyo da su. Amma ranar da zan taho da Inna, Yaya ya rako mu har bakin gari. Ya dafa kan babur, ya dube ni.

"Garba, ka zaci ban gane ba? Na gode. Allah shi saka."

Na ce, "To Yaya, mi ya rage?"

Ya juya ya kalli gonar babanmu, dawa ta kai ƙugu, da maƙabarta can bayanta.

"Waɗanga fa, bayan babur za ka ɗaura su?"

Masu ƙera na'ura su suka san iyakar nauyin da suka ɗora mata, su suka shirya mata ƙafa ta biyu da za ta karɓa. Yayana ba shi da wata ƙasa da zai mayar da nauyinsa a kai. A Gummi zai zama abin da na zama, ɗan ƙodago a gonar wani, kuma ya sani. Yanzu na gane abin da ya sa Kaka ta ce mu duka ba mu ji ba. Ba jarunta ba ce, ba kuma sakarci ba. Abin da ke hana mutum faɗuwa shekara da shekaru, shi ne zai riƙe shi ranar da ya kamata ya tashi.

Yanzu shi kaɗai ne a gidan. Inna tana ɗakina, duk ƙarar babur sai ta ɗaga kai ta ce, "Umaru na?" Kwanan nan ta fara cewa in mai da ita, wai ba mai dafa masa tuwo. Jiya waya ta shiga. Ya ce dawa ta fara ido, in an yanke zai zo. Bara ma haka ya ce. Na ce masa Allah ya kai mu, sannan na tambaye shi ko tsuntsaye ba su dame ta ba.