Surukin Mai Hoto da Sabuwar Kyamara

Shekara ashirin da bakwai Mai Hoto ya yi a shagon nan da ke tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. Shago ne da in ka shiga, taku huɗu ka buga goshi da bango. Labule shuɗi, kujera ɗaya, fitilu biyu masu lema, sai ƙafar kyamara da aka ɗaure wa gwiwa da roba. Ya fara tun zamanin fim, kyamarar kati ta zo, waya ta zo, bai rufe ba. Abin da ya riƙe shi gilashi ne guda ɗaya, irin wanda ake murɗawa a bakin kyamara, dogo mai nauyi, da yake kira Dattijo. Da shi yake ja baya har rabin jikinsa ya fita titi, sannan ya ɗauka. Fuska ta fito daidai, labule ya yi laushi a baya, mummuna ma ya koma gida yana zargin madubinsa. Saboda Dattijo ne makarantar bayan layi take ba shi hoton ɗalibanta duk shekara, kuma da wannan aikin gidansa ke ci.

To, yana da suruki, mijin babbar 'yarsa, mai sayar da waya. Mutum ne da ya iya komai ban da tambaya. Satin da zazzaɓi ya kwantar da Mai Hoto, sai surukin ya karɓi mabuɗin shago, wai zai ba Baba mamaki. Ya ɗauki tsohuwar kyamara ya kai kasuwa, ya yi musaya da sabuwa fil a kwali. Gilasai kuwa ya bar su a durowa, a ganinsa duk bakinsu ɗaya kamar batirin tocila.

Mai Hoto ya warke, ya yi godiya a gaban 'yarsa, haƙora a waje kamar ya ji daɗi. Da suka tafi ya ɗauko Dattijo, ya saita ɗigon gilashi da ɗigon bakin sabuwar kyamara, ya murɗa. Ya ƙi shiga. Kamfani daban, baki daban. Batiran tsohuwar kyamara uku ma sun zama duwatsu. Gilashin da suruki ya zaɓo kuma gajere ne mai faɗi, ba ya jawo abu kusa, mai kanti ya ce masa yana kwashe komai da komai. Wa ya ce a kwashe komai? Mutumin da ko hoton akuya bai taɓa ɗauka ba, shi ne zai zaɓa wa mai shekara ashirin da bakwai a sana'a ido!

Ana haka shugabar makaranta ta shigo, tana son hoton da za ta rataya a ofis. Don fuskarta ta cika hoton, dole Mai Hoto ya matso har yana jin ƙamshin turarenta. Ya danna. Hanci ya yi gaba, kunnuwa suka gudu baya. Ya nuna mata hoton.

"Malam, ni na zo, ko hancina na aiko?"

Ta ce za ta dawo Litinin. In haka za a mayar mata da yara, akwai sabon shago a bakin titi.

A gida matarsa ta ce kyauta ce, a yi shiru, kada a ɓata wa yarinya zamanta. Bai musa ba. Washegari ya aika a kira suruki, ya zaunar da shi kan kujera, ya ce ai wanda ya kawo alheri shi ya kamata a karrama. Ya matso sosai, ya ƙara matsowa, ya danna. Ya wanke hoton babba, ya sa a firam, ya ba 'yarsa ta kai.

Rana ba ta gama fitowa ba suruki ya iso, firam a hammata, fuskar hoton a kife.

"Baba, haka nake?"

"Haka kyamararka ta ce, ɗana."

Suruki ya bazama kasuwa. Tsohuwar kyamara tuni wani ya saye ta. Abin da ya samo wajen mai gyara zobe ne na ƙarfe, da ke haɗa tsohon gilashi da sabon baki. Dattijo ya zauna, amma kyamarar ta daina saita kanta, sai an juya da hannu har fuska ta fito tar.

Ranar Litinin shugaba ta yi zaman kusan minti goma sha biyar a kan kujera, Mai Hoto can rabin jiki a titi, ido ɗaya a rufe, yana juyawa, babur na yi masa hon. Ta duba hoton, ta gyara mayafi, ta ce ya zo Laraba a fara da aji ɗaya.

Yara ɗari uku ne, ba mai zama wuri ɗaya, kowanne sai an juya masa gilashi da hannu. Kwana tara ya yi a aikin da yake gamawa cikin uku, idonsa na ruwa, wuyansa ya ƙage. Shi kuwa suruki yana can shagonsa yana gaya wa masu sayen caja cewa shi ya fito da Baba daga duhu.